Shuka a gora da buhu: wa ya taɓa cin ganyen da ya noma a tsakar gidan haya?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon wanda ya taɓa yi da hannunsa ya amsa min, ba wanda ya gani a bidiyo kawai ba. Gidan haya muke a Kurna, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida wadda tabarma biyu ke cika ta, kuma duk siminti ne, babu ƙasa ko tafin hannu. A watan Maris na tara gorunan ruwa guda 18, na yanke cikinsu, na zura igiya, na jera su hawa uku a jikin katanga. Na zuba ƙasar da yara suka ɗebo min a bakin layi. Alayyahu a sama, latas a tsakiya, tumatir a ƙasa. Satin farko komai ya tsiro, har maƙwabta na leƙowa suna sa albarka. Daga nan na sama suka fara yaushi da azahar ko da na ba su ruwa da safe. Na ƙasa kuma ganyensu ya koma rawaya, da na tuge ɗaya sai na ga saiwar ta yi baƙi tana wari. Tumatir ya yi tsawo siriri kamar tsinke, ko fure bai yi ba. Yanzu gora huɗu ne kaɗai ke da rai. Ruwan nan saye nake wajen 'yan garuwa, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Ina na kuskure? Ko dai abin ba na irin garinmu ba ne?

Manomin Kura:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Shekarata sama da ashirin ina noman rani da ruwan Tiga. Shuka ƙasa take so, da faɗi, da ruwa mai gudu. Abin da gora 18 za su ba ki bai kai abin da gefen fangali ɗaya ke bayarwa ba. Kuɗin ruwan da kika kashe a wata biyu, da kin kai shi kasuwar 'Yankaba da kin cika kwando da alayyahu. Masu ɗaukar hoton nan na katanga mai ganye shar, ku tambaye su yadda katangar ta koma bayan wata ɗaya. Ba sa nunawa.

Anti Mai Zogale:
Malam, ka yi mata bayanin gona, ita kuma tambayar tsakar gida ta yi. Wadda ba ta da fangali a Kura fa, ta zauna ke nan? Ni shekara huɗu ina yi a Tudun Wadar Kaduna, kuma ban sayi lawashi ko na'a-na'a ba tun da na fara. Maman Biyu, kar ki karaya. Gorar ce ba ta dace ba, lokacin ma bai dace ba.

Malamin Gona:
Barkanmu da war haka. Hajiya Maman Biyu, abin da kika bayyana ya nuna kurakurai huɗu, kuma babu wanda ba ya gyaruwa a cikinsu.

Na farko gorar kanta. Gora mai lita ɗaya da rabi idan an kwantar an yanke, ƙasar da take ɗauka ba ta wuce cikin kwano ƙarami ba. A ranar Afrilu ta Kano, wadda zafi ke haura digiri 40, wannan 'yar ƙasa kafin azahar ta bushe, robar kuma ta ɗauki zafi ta dafa saiwar. Ga katangar siminti da ke bayanta tana ƙara dawo mata da zafin har bayan magariba. Shi ya sa na sama suka kwanta.

Na biyu, na hawan ƙasa kuma ruwan da ke ɗigowa daga hawa biyu duk a kansu yake taruwa. Idan hudar gindin gorar ƙarama ce, ko ƙasar mai laka ce ta toshe ta, sai saiwa ta zauna cikin taɓo. Saiwa numfashi take yi kamar kowane mai rai. In ta rasa iska sai ta ruɓe, wannan baƙin da warin da kika ji ke nan. Na uku, ƙasar bakin layi galibi ta daddale, babu taki a cikinta, wani lokacin har da ruwan kwata da baƙin mai.

Na huɗu shi ne lokaci. Latas ɗan hunturu ne, a bazara ɗaci yake yi ya miƙe ya fitar da kai. Tumatir kuma idan zafin rana ya wuce digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba, ko ya yi fure zubewa yake yi. Balle naki da kika ajiye a hawan ƙasa inda inuwar na sama ta rufe shi, shi ya sa ya yi ta miƙewa yana neman haske. Malam na Kura zai shaide ni, su ma ba sa dasa tumatir a Maris.

Manomin Kura:
Wannan gaskiya ne. Mu daga Oktoba zuwa Nuwamba muke dashe, a fara ɗiba wajen Janairu. Shi ya sa kuke ganin kasuwar Kwanar Gafan ta cika da kwanduna a Fabrairu, daga Afrilu kuma tumatir ya fara tsada. Amma har yanzu ina kan bakana, wahalar ta fi ribar.

Maman Biyu:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi kamar kana tsakar gidan. To idan ba gora ba, me zan yi amfani da shi? Wurin ne babu.

Inna ta Damagaram:
Ɗiyata, bari in gaya miki yadda nake yi, don kun san Damagaram da zancen ruwa, mu ba mu da na ɓarnatarwa. Buhu nake amfani da shi, irin na shinkafa mai kilo 50, a tsaye. Wurin da yake ci bai fi wurin ajiye tulu ba, amma ana shuka a samansa, ana shuka a jikinsa ko ta ina.

Sirrin abin yana tsakiya. Ki sami babban gwangwani, irin na madarar gari, ki cire gindinsa ya zama buɗe sama da ƙasa. Ki naɗe bakin buhun ya yi gajere, ki zuba tsakuwa kaɗan a gindi, ki tsayar da gwangwanin a tsakiya ki cika shi da tsakuwa. Sai ki zuba ƙasa kewaye da shi, kina ɗan dannawa da hannu, ba da ƙafa ba. In ƙasar ta kai bakin gwangwanin, ki ja shi sama a hankali, tsakuwar za ta tsaya a wurinta. Ki sake cika shi, ki sake zuba ƙasa, haka har ki kai sama. In kin gama, kina da ginshiƙin tsakuwa tun daga baki har gindi. Ruwa a kan tsakuwar nan ake zubawa, sai ya gangara ya ratsa ko'ina. In babu shi, sama ce ke shanye ruwan, ko ya bi gefen buhu ya zube, tsakiya ta zauna a bushe.

Ƙasar kuma ni kwano biyu na ƙasar garka, kwano ɗaya na kashin awaki da ya kwana biyu ya ruɓe sosai, kwano ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa. In kin cika, ki jiƙa shi ki bar shi kwana uku ya zauna kafin ki huda. Huda da wuƙa, ƙanana, taƙi ɗaya tsakanin kowace biyu, kuma kar na sama ya yi daidai da na ƙasa, ki karkata su. Ni 16 nake yi a buhu. Kar ki huda kusa da gindi, ki bar kamar taƙi ɗaya.

Abu guda da mutane ke kuskurewa: ba a sa ƙwayar iri a hudar gefe, ruwa zai wanke ta ko ta nutse ciki. A tsohuwar roba ake renon iri, in ya yi ganye huɗu a cire da ƙasarsa a dasa da yamma. A sama ne kawai za ki iya yafa iri kai tsaye.

Ɗalibar Samaru:
Inna, wannan bayani naki daidai yake da yadda ake yi a Kibera, babbar unguwar talakawa ta Nairobi a Kenya, inda gidaje ke manne da juna ko lungu da ƙyar ake wucewa. Mata da yawa a can da buhu suke noma ganyen da suke kira sukuma wiki, da ginshiƙin duwatsu a tsakiya kamar yadda kika faɗa. Sai dai a lura, Nairobi gari ne mai sanyi a kan tudu, ganyensu dangin kabeji ne. Idan muka kwafi buhun, kada mu kwafi irin. Namu masu jure zafi su ne alayyahu, rama, yakuwa, lalo, ɗoɗɗoya. Latas da kabeji a jira hunturu.

Manomin Kura:
To Inna, ranki ya daɗe, ruwa nawa buhun ke sha? Nan ne maganar take.

Inna ta Damagaram:
Buhu uku gare ni. Da hunturu bido ɗaya mai lita 25 yana yi musu kwana biyu. Da bazara kusan kullum sai bido ɗaya, rabi da asuba rabi bayan la'asar. Amma ba duka nake saye ba. Ina da roba da kowa a gidan ke alwala a kanta, sau biyar a yini, mutum shida. Ka lissafa. Ga ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye. A buhu ɗaya kuma na binne ƙaramar tukunyar ƙasa a sama har wuya, ina cika ta in rufe da murfi, tana tsatsafowa a hankali kamar yadda randa ke jiƙa ƙasan da take kai. Wannan buhun ko na yi tafiyar kwana biyu ba ya yaushi.

Anti Mai Zogale:
Ni har ruwan wanke-wanke da na wanki nake zubawa, ban ga abin da ya yi ba.

Malamin Gona:
Anti, a nan kam zan saɓa miki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa babu laifi ko kaɗan. Amma ruwan garin sabulun wanki yana da gishiri mai yawa a cikinsa. A fili ruwan sama na wanke shi ya yi ƙasa, a buhu kuwa babu inda za shi, taruwa yake yi. Ba a ganin illar a wata ɗaya. Sai a hankali ki ga gefen ganye na ƙonewa, saman ƙasa ya yi fari-fari kamar kanwa, ƙasar ta daina shan ruwa. Na wanke-wanke kuma ga maiƙo, yana jawo ƙuda da kyankyaso. Wanda aka wanke kayan kashin yara da shi kuwa kada ya kusanci abin da za a ci, musamman latas da ake ci ɗanye. Da yawa daga cikinmu abin da ya sa muke son shuka a gida shi ne mun ga irin ruwan da ake ban-ruwa da shi a wasu lambunan bakin kwata a cikin gari. Bai kamata mu gudu daga can mu dawo mu yi irinsa a gida ba.

Anti Mai Zogale:
Farin nan kam na gan shi a bokitai biyu, na ɗauka ruwan burtsatse ne. Zan raba ruwan daga yau. Amma na ɗauraya na ƙarshe, wanda kumfa ta fita, shi ma a zubar?

Malamin Gona:
Wannan da sauƙi, a ba zogale da sauran itatuwa. Ruwan burtsatsen ma a wasu unguwanni yana da gishirin, don haka zatonki ba laifi ba ne. Maganin duka ɗaya ne: lokaci-lokaci a yi wa buhun ruwa mai yawa har ya fito ta gindi, ya tafi da abin da ya taru.

Baban Gida:
Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare da ba wanda ya taɓo. Ni mai gidan haya ne, ɗakuna kaɗan gare ni da nake ci da iyali daga gare su. Wata baiwar Allah da ta zauna a gidana ta rataye robobi a jikin bangon ɗaki da ƙusoshi, tana ba su ruwa safe da yamma. Ban hana ta ba, don ni ma ina son ganin kore. Bayan damina ɗaya filasta ta kumbura ta fara zubowa, danshi ya ratsa har cikin ɗakin maƙwabciyarta, kayan sawarta suka yi funfuna. Gyaran ya ci kuɗin hayar wata da watanni, zumuncin shekaru kuma ya yi tsami. Don Allah duk wanda zai yi, ya nemi izini tukuna, kuma kada ya jingina da bango. A bar tazarar da hannu zai shiga. In hawa-hawa ake so, kafinta zai haɗa ɗan tsani na katako mai tsayuwa da ƙafarsa. Wanda gidansa ginin ƙasa ne kuma, wannan ko kusa kada ya yi a jikin katanga.

Sannan masu cewa a hau da buhu saman soro ko bene, ku sani buhun da aka cika da jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsakuwa ya fi buhun shinkafa nauyi nesa ba kusa ba. Rufin azara ba zai ɗauki biyar ko shida ba.

Maman Biyu:
Baba, na gode da wannan. Gaskiya ban nemi izini ba, kuma na ga inda igiyar take bangon ya fara canza launi. Gobe in sha Allahu zan sauke su, maigidana kuma zai je ya yi wa mai gidan magana. Ina da tagwaye 'yan shekara uku, buhun ba zai faɗo musu ba?

Inna ta Damagaram:
Ki ɗora shi a kan bulo biyu ko uku a kwance don ruwa ya samu hanyar fita, ki kafa sanda biyu ki ɗaure, ko ki sa shi cikin tsohuwar taya ta riƙe gindin. In ya zauna da kyau ko babba sai ya yi da gaske zai ture shi. Ruwan da ke fita kuma kada ki bar shi ya kwanta a faranti, sauro zai yi ƙwai. Yaran ma ki ba kowannensu huda ɗaya ki ce tasa ce, za ki ga sun daina tsinka.

Ɗalibar Samaru:
Wata matsalar da ban ji an ambata ba: buhun leda rana na cinye shi. Nawa wata bakwai ya yi ya fara yagewa kamar takarda. Na algarara kuma danshi ke ruɓar da shi, bai ma kai haka ba.

Anti Mai Zogale:
Ki saka buhu biyu, ɗaya cikin ɗaya, ki naɗe ɓangaren da rana ta fi duka da tsohuwar tabarma ko guntun zana. Yana rage zafi ma. Ni dai yanzu na koma bokitan fenti masu lita 20, na wanke su tas, na huhhuda gindi, na jera a tsanin ƙarfe hawa uku da mai walda ya yi min. Masu son rana a sama, na'a-na'a da lawashi a ƙasa. Kuma ina da tumatir, Malam na Kura, gindi ɗaya a bokiti ɗaya, na ɗebi sama da kwano biyu a hunturun da ya wuce.

Manomin Kura:
Gindi ɗaya a bokiti mai lita 20, da hunturu, a inda rana ke samunsa awa shida, wannan na yarda zai yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tumatir a hudar gefen buhu ko a gora. Saiwarsa zurfi take so, kuma nauyin 'ya'yan zai karya shi. Kuɓewa ma haka, a sama kawai, gindi biyu. Sannan ku shirya wa tsutsar nan da muke kira sharon. A 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Na ga mutanen da suka ci bashi suka shuka, ba su ɗebi kwando ɗaya ba. Tana shiga cikin ganye ne ta ci ta ciki, ka ga wuri fari-fari kamar an kankare. Ba ta san gona da bokiti ba.

Malamin Gona:
Haka ne, amma a nan mai bokiti biyar ya fi mai kadada sauƙi, don yana iya duba kowane ganye da idonsa. Duk ganyen da aka ga alamar, a tsinke a ƙona, kada a jefar a tsakar gida. Darɓa da farin ƙuda kuma a duba bayan ganye, can suke ɓuya. A daka 'ya'yan dalbejiya busassu kamar cikin hannu biyu, a jiƙa a ruwa lita biyar ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da yamma har bayan ganyen. Ana maimaitawa duk sati. Ina roƙo kada a sayo maganin feshin gona mai ƙarfi a fesa a tsakar gidan da yara ke wasa, ga kuma ganyen da za a yanka jibi.

Batun abinci kuma, ƙasar buhu tana gajiya da wuri tunda ana yanka ana sake yanka. Bayan kowane yanka a ƙara ruɓaɓɓen taki cikin hannu a sama. Kashin kaji ɗanye zafi gare shi, yana ƙona saiwa, sai ya yi watanni a tare. Mai son takin kamfa kuma, cikin murfin kwalba ɗaya a narka a bokitin ruwa ya isa, a zuba a kan tsakuwar.

Inna ta Damagaram:
Ni abokan faɗana ƙadangaru ne da tsuntsaye, ba tsutsa ba. Dashe sabo in ba a rufe ba, kafin hantsi sun gama da shi. Tsohon gidan sauro da ya yage nake wankewa sosai in yi musu rumfa, ba ya taɓa ganyen. Ban ce a cire na kan gadon yara ba. Abin da tsuntsu ya ci bayan haka kuma na bar shi sadaka.

Manomin Kura:
To ni dai ga inda na tsaya. In ganyen miya ne, na sauko, tunda Inna ta nuna min lissafin ruwanta kuma ya yi ma'ana. Amma kada a gaya wa mutane buhu zai ciyar da gida ko ya hana su zuwa kasuwa. Albasa mai kai irin ta Galmi ko ta Aliero, da tattasai na miyar biki, waɗannan sai fili.

Anti Mai Zogale:
Babu wanda ya ce haka, Malam. Amma ranar da maigida ya fita bai bar komai ba, ga garin masara a gida, ka miƙa hannu ka yanko rama ko lalo a bakin ƙofa ka kaɗa miya, wannan ranar ce nake lissafawa. Ta sha zuwa min.

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari bayan sati shida, don na ga bai kamata in karɓi shawara in yi shiru ba. Mai gidan ya amince da sharaɗin kada komai ya taɓa bango. Na yi buhu biyu yadda Inna ta koya min, gwangwanin madara da tsakuwar da na roƙa a wajen masu gini a layinmu. Taki kuma wata maƙwabciya mai awaki ta ba ni. Ɗaya alayyahu a gefe da ɗoɗɗoya a sama, ɗayan rama da yakuwa, da kuɓewa gindi biyu a sama. Cikin dashe 16 na alayyahu, 13 sun kama. Kwana 24 da dashe na yi yankan farko, na bar gindin kamar tsawon yatsa, yanzu ya sake toho har na yi na biyu. Na yi miya sau uku, na kuma aika wa mai awakin da ƙulli ɗaya.

Matsala biyu suka rage. Ɓangaren da ke kallon katanga ya fi siriri, ganyensa ƙanana, buhun kuma ya yi nauyin da ba na iya juya shi. Sannan tun da ruwan sama ya sauka, indararon ɗakinmu a kan buhun rama yake zuba, shekaranjiya na tarar ƙasar saman ta zaizaye har saiwar kuɓewa ta fito.

Inna ta Damagaram:
Madalla ɗiyata, Allah ya sa albarka. Kar ki juya shi, zai yage. Ɓangaren inuwar ki cire alayyahun ki sa na'a-na'a, ita ba ta damu da rana sosai ba. Indararon kuma ki tara masa baho ko ki ɗaura masa guntun bututu ya kauce, ruwan da kika tara ki ajiye a rufe don ranakun da ba a yi ruwa ba. Ki mayar da ƙasa kan saiwar, ki rufe saman da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa.

Manomin Kura:
Kuɓewar ki tara mata ƙasa a gindi ki kafa mata sanda, iskar damina na kayar da ita. In Allah ya kai mu Oktoba ki tanadi bokiti uku masu zurfi, ki tuna min a nan. Ina da ɗan uwa da ke kai kaya 'Yankaba duk sati, zan ba shi dashen tumatir daga wanda zan rena ya kawo miki.